Tarihin Gidajen Mai a Hanyar Uraniyom: Daga Tano Zuwa Pompo, Daga Pompo Zuwa Kwalba



Duk inda tsofaffin ma'aikatan Arlit da Akokan na garinmu sunka haɗu, ko wurin suna ko wurin gaisuwar rasuwa, hira ba ta nisa sai ta faɗa bisa zamanin da. Wani ya tuna albashi, wani ya tuna kantin kamfani. Direbobi da yaran mota kuwa, abin da sunka fi ambata shi ne gidan mai, wanda suke kira istasiyo, da mutumin nan da ke tsaye gaban pompo, wato pompis. Suna cewa a da in ka tsaya shan mai har lafiyar motarka ake dubawa, yau kuwa a zuba maka a karɓi kuɗi, ko ka saya cikin kwalba bakin hanya. Matasa in sun ji haka sai su yi murmushi, su ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Mun ga ya kamata a bi wannan zance daki-daki, domin akwai ɗiyanmu da dama da ke cin abinci yau cikin sana'ar mai a arewa. Pompis dai bai ɓace ba, har gobe shi ke zuba mai a ƙasarmu. Abin da ya ɓace shi ne abubuwa uku da ke tsaye bayanshi: hanya mai kyau, albashin ƙarshen wata, da awo wanda kowa ya yarda da shi. Za mu duba yadda anka same su, sa'an nan yadda sunka kuɓuce.

1. Zamanin tano

Kafin a san Arlit, mota ta riga ta san hamada. A 1933 wani Bafaranshe mai suna Georges Estienne ya kafa kamfanin sufuri da ake kira SATT, wanda motocinshi ke tasowa daga Alje, su biyo Tamanraset da In Gezam, su sauka Agadas, su wuce Damagaram har Kano. Hanyar wancan lokaci ba ta bi ta inda Arlit yake yanzu, tana bi ta In Abangarit da Tagidda ne, inda ake samun ruwa. Babu gidan mai irin wanda munka sani. Ana kai tano-tano na lita 200 a ajiye a zango, a sa mai gadi. In mota ta iso, a zura pompon hannu cikin tano, a tace man da ƙyalle ko da fata saboda rairayi da ruwa, a auna da bido.

A ɗaya hanyar hamadar, wadda ke sauka Gao, akwai zangon da ya yi suna duniya, Bidon 5. An sa mashi wannan suna don shi ne tano na biyar cikin waɗanda anka jera alamar hanya. A shekarun 1930 kamfanin Shell ya kafa pompo a wurin, tsakiyar fili inda babu itace babu rijiya, da mutum guda yana tsaronshi. Daga nan za mu gane cewa tun asali, a hamada, mai zuba mai ɗan amana ne. In ya ce akwai, rai ya tsira. In ya sayar da rabon wani, wanda ke tafe a baya ya shiga uku.

2. Gari ya tsiro

A 1957 masu binciken Faransa da ke neman gaci, wato jan ƙarfe, a Azelik kusa da Tagidda sunka ci karo da alamun uraniyom. Bincike ya ci gaba yamma da duwatsun Abzin har anka dace da babban rabo. A 1968 anka kafa SOMAIR, a 1969 anka fara gina garin Arlit, a 1971 uraniyom na farko ya fito. COMINAK ta biyo baya a 1974, da hannun Nijar da Faransa da Japan da Ispaniya, ta haƙa rami mai zurfin kusan mita 250 a Akuta, ta gina garin Akokan, ta fara fitar da kaya a 1978.

Abubuwa biyu sunka haɗu a lokacin. A kudu fari na 1973 da 1974 ya kashe dabbobi ya wofintar da rumbuna. A duniya kuma, ƙasashen Larabawa sun ɗaga kuɗin ɗanyen mai a ƙarshen 1973, sai Turawa sunka juya ga wutar nukiliya, kuɗin uraniyom ya tashi daga dalar Amurka 6 ko 7 kowace laba har ya wuce 40 kafin ƙarshen shekarun 1970. Ga yunwa a gida, ga aiki a arewa. Haka iyayenmu da yayyenmu sunka ɗauki ƙunshinsu sunka hau kamiyo. Wanda ya yi sa'a ya samu lamba a kamfani da ɗaki a site. Wanda bai samu ba ya kafa rumfa a Bukkoki, yana dako, ko gini, ko tireda. Gari ya cika da Abzinawa da Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Barebari, da mutanen Benin da Togo da Senegal, har ana yi mashi kirari da Paris ta biyu. A 1981 Nijar ta fitar da uraniyom fiye da tan 4,000, kuma shi ke kawo fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin abin da ƙasa ke sayarwa waje.

To, gari irin wannan da mai yake numfashi. Babu gona, babu gulbi. Hatsi da mota yake zuwa, siminti da mota, farar wuta da ake haɗa ruwan narkar da dutse da ita da mota. Manyan motocin rami gazuwal suke sha dare da rana. Ita kanta wutar lantarki, kafin SONICHAR ta fara ƙona gawayin Anu Araren kusa da Cirozerin a 1981, injinan gazuwal ke ba da ita.

3. Hanyar da mai ke biyowa

Ku dubi nisan da lita guda ke yi a wancan zamani kafin ta shiga tankin mota a Arlit. Jirgin ruwa ya sauke ta a Kwatano. Jirgin ƙasa ya kawo ta Paraku. Daga nan sitarni, wato motar dakon mai, ta ɗauka ta ƙetare gada a Gaya, ta biyo Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, ta karkata arewa a Tsarnawa, ta shiga Tawa, Abalak, Agadas, sa'an nan Arlit: kusan kilomita 2,000 daga bakin teku. Uraniyom kuma ya bi wannan hanya ya sauka, cikin tano-tano da aka rufe, akasari bisa motocin SNTN, kamfanin sufurin ƙasa da anka kafa tun 1963. Har unguwa guda a Arlit ta ci sunanshi. Wani kason man kuma daga Najeriya yake shigowa, musamman bayan buɗe matatar Kaduna a 1980.

Shekarun farko babu kwalta bayan Tawa. Direbobin lokacin suna ba da labarin kwana da kwanaki cikin rairayi da gargada, ana kafewa ana tono, ana shimfiɗa faranti ƙarƙashin taya. Tsakanin 1976 da 1980, zamanin Janar Seyni Kountché, anka shimfiɗa gudro daga Tawa zuwa Arlit, fiye da kilomita 600, ita ce ake kira RTA ko hanyar uraniyom. A 1977 kuma gwamnati ta kafa SONIDEP, ta ɗora mata shigo da mai da ajiye shi, kamfanoni irin su Shell da Mobil da Total su saya wurinta su sayar a gidajensu, bisa kuɗin da hukuma ta yanke. Daga nan ne gidan mai ya zauna da gindinshi: hanya ta kawo sitarni cikin lokaci, albashi ya kawo mai saye, doka ta tsayar da kuɗin lita.

4. Aikin pompis

Nan ne ya kamata matasa su saurara da kyau, domin abin da dattawa ke kewa ba tatsuniya ba ne.

Tsohon pompo na hannu ne. Yana da kwalabe biyu na gilashi a sama, kowace lita 5. Pompis na kaɗa mariƙi gaba da baya, mai na hawa cikin kwalba ɗaya har ya kai zane, sa'an nan ya sauka cikin tiyo yayin da ɗayar ke cika. Mai saye na tsaye yana ƙirga: biyar, goma, sha biyar. Yana ganin launin man da idonshi, yana ganin ko akwai datti. Wanda bai taɓa shiga lakwal ba ma ba a iya cutarshi. Daga baya pompon lantarki mai lambobi ya zo, amma ba a yar da na hannu ba, saboda ranar da wuta ta ɗauke.

Kaya huɗu ko biyar ake sayarwa. Akwai esansi iri biyu, super da ordiner. Akwai gazuwal na manyan motoci. Akwai melanji, esansin da anka gauraya da man inji don mobilet, wanda ke da ɗan pomponshi daban. Akwai kuma kananzir na fitila da risho, kuma shi ne ya haɗa talaka da gidan mai. Yawancin mutanenmu na Bukkoki ba su da ko keke, amma da maraice za ka ga yara da mata sun yi layi da kwalabe, a zuba na dala biyar, na dala goma.

In mota ta shigo, pompis ba ya fara da tiyo. Gaisuwa tukuna: sannu da hanya, ina gajiya, daga ina, ina anka nufa. Wannan tambaya ta ƙarshe ba gulma ba ce. Tsakanin Agadas da Arlit kusan kilomita 240 ne, daga Arlit zuwa Asamaka bakin iyakar Aljeriya kusan 200, a lokacin babu kwalta. In ya ji inda za ka, ya san lita nawa za ta kai ka, ya san ko sai ka ƙara bido biyu. Yayin da mai ke zuba, sai a buɗe gaban mota. A zaro sandar awon baƙin mai, a shafe, a mayar, a sake zarowa a nuna ma direba. A duba ruwan radiyata, wanda a zafin watan Mayu shi ne ran inji. A duba ruwan batir, don zafi na ƙafar da shi. A cire matatar iska a kakkaɓe ta ko a busa ta da iska, saboda ƙurar Arlit na toshe ta cikin ƴan kwanaki. A zagaya tayoyi huɗu da ta safiya da abin awon iska. A wanke gilashi. Duk wannan ba a biyan ko tamma, sai in direba ya ga dama ya ba da goro.

Bayan gidan akwai rami inda mota ke hawa a yi mata bidanji, wato juyen baƙin mai, a sa giris ga duk gaɓar da ke motsi. Gefe guda ga mai liƙin taya da bahon ruwanshi. Yaro na shiga wannan wuri yana ɗan shekara 14 ko 15, ya fara da shara da wankin gilashi, ya koma iska da taya, ya shiga rami, sa'an nan a ba shi tiyo da jakar kuɗi. Kafin ya kai nan ya san kukan inji mai lafiya da na marar lafiya, ya san lissafi, ya san rubuta rasit, ya san yadda ake zura sanda cikin rijiyar mai safe da maraice a gwada abin da ya fita da abin da ke cikin jaka. Ya san dokar wuta: ba a shan taba, ba a barin inji na aiki, bokitin rairayi na nan kusa. Da yawa daga direbobi da makanikan da garinmu ke alfahari da su ta wannan ƙofa sunka shiga.

Akwai kuma littafin bashi. Ma'aikacin da ke da mobilet ko tsohuwar Peugeot 404 yana sha a rubuta, in wata ya mutu ya biya. Motocin ma'aikatun gwamnati na zuwa da takardar bon. Su kamfanonin haƙa suna da rijiyoyin mansu da garejinsu cikin shinge, da nasu masu zubawa masu albashi. Bashi na tafiya don kowa ya san ranar da kuɗi ke fitowa.

Sa'an nan gidan mai shi ne gidan waya na talaka. Wasiƙar da za ta garinmu, da ƴan kuɗin cefane ƙulle cikin ambulan, da buhun dabino ko taliya ta Aljeriya, wurin pompis ake barinsu ya ba direban da ya yarda da shi. Baƙon da ya sauka da dare bai san kowa ba, can yake fara tambayar inda mutanen garinsu suke. Labarin hanya ma can ake ji: ina rairayi ya hau kwalta, wane kwari ya kawo ruwa, motar wa ta lalace a ina.

Har baƙin ƙetare sun san wannan. Tseren Paris-Dakar na farko ya ratsa Arlit a Janairun 1979. Shekarun da sunka biyo, samarin Turawa sun yi ta ƙetaro hamada da tsofaffin Peugeot 504 da 404 suna sayarwa a Arlit da Agadas da Yamai. Bayan In Gezam da Asamaka, pompon Arlit shi ne alamar cewa sun fito da rai.

Amma a faɗi gaskiya duka. A cikin masu zuba mai akwai waɗanda ke fara zubawa ba su mayar da lamba sifili ba, akwai masu haɗa baki da direba a rubuta bon ɗin lita 50 a zuba 30. Ranakun da sitarni ta makara, mai sanayya ke sha, marar sanayya ya kwana a layi. Esansin lokacin kuma akwai dalma cikinshi, wadda ke cutar jini da ƙwaƙwalwar yara, ba a daina sayar da irinshi a ƙasashenmu ba sai farkon 2006. Pompis ya shaƙe shi shekara da shekaru ba wanda ya gaya mashi.

5. Bango ya tsage

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar farko daga nesa ta zo. A Maris 1979 wata tashar nukiliya ta Amurka, Three Mile Island, ta samu hatsari, ƙasashe da dama sunka dakatar da gina sababbi, kuɗin uraniyom ya kama gangara. Hatsarin Chernobyl na 1986 ya ƙara. Kafin 1990 laba ta faɗo wajen dala 10. Kamfanoni sunka rage haƙa, sunka rage ma'aikata. Duk ma'aikaci guda da anka sallama, mutum goma ne sunka rasa abinci, kuma littafin bashin gidan mai ya cika da sunayen waɗanda sunka koma gida.

Tsaga ta biyu hanya ce. Daga 1990 tawaye ya tashi a arewa, mota ba ta tafiya sai cikin ayari da rakiyar soji, Turawan 504 sunka ɗauke ƙafa, balle da rikicin Aljeriya ya ɓarke a 1992. An sa hannu ga sulhu ranar 24 ga Afrilu 1995, amma tsakanin 2007 da 2009 wuta ta sake tashi, har da nakiyoyi a hanya. Ita kuma kwaltar da anka yi don ta ɗauki nauyin shekaru ƙalilan, ta ɗauki na talatin ba gyaran kirki. A shekarun 2010 akwai wurare tsakanin Agadas da Arlit da direbobi ke barin gudro su bi daji, tafiyar awa uku ta ninka ko ta fi.

Tsaga ta uku kuɗi ne. A Janairun 1994 anka karya darajar sefa da rabi: faran guda na Faransa da ke 50 ya koma 100. Duk abin da ke shigowa daga waje ya yi tsada, daga batir har matatar mai. Mai gidan mai da ribarshi ta ragu ya fara sallamar yaran rami da na iska, ya bar mutum guda ko biyu bisa pompo.

6. Zamanin kwalba

Maƙwabtanmu biyu, Najeriya a kudu da Aljeriya a arewa, ƙasashen mai ne da gwamnatocinsu sunka daɗe suna tallafa ma kuɗinshi. Tun da naira ta faɗi a 1986, man Najeriya ya zama araha ƙwarai ga mai sefa, ƴan ruwa-ruwa sunka cika Maraɗi da Ƙonni da Damagaram. A arewa kuwa man Aljeriya ke sulalowa ta hamada cikin tano da bido. Sai ga tebur bakin hanya, da kwalabe jere, da mazurari. Shigowar baburan Sin masu araha a shekarun 2000 ta ƙara ma abin ƙarfi, domin ɗan kabu-kabu lita guda ko rabi yake saye, kuma mai kwalba na nan kowace kusurwa, har tsakar dare. Da zinariya ta bayyana a Jado da Cibarakatan a 2014, mai ya koma tafiya cikin tano bisa bayan Hilux, kamar zamanin SATT.

Ba mu zargin yaranmu da ke wannan sana'a. Wanda bai samu lamba a kamfani ba, da wanda mahaifinshi ya rasa aiki ranar 31 ga Maris 2021 da anka rufe COMINAK, tilas ya nemi abin kai ma baki. Amma mu auna abin da ke ciki. Kwalba ba ta da zane, wata lita ce, wata ta gaza. Ba a san abin da anka gauraya ba sai inji ya fara tari. Ana ajiye bido cikin ɗakin kwana, kusa da murhu, a garin da zafi ke wuce awo 45. Kowa cikinmu ya san gidan da gobarar mai ta ci. Waɗanda ke Yamai ba su manta daren 6 ga Mayu 2019 ba, da sitarni ta kife kusa da filin jirgi, mutane sunka taru kwasa, wuta ta kashe fiye da 50. Sa'an nan yaron da ya yi shekara goma gaban tebur, in ya tashi, bai san komai na mota ba sai zuba mai a mazurari.

Ita ma araha ba ta da tabbas. Matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki ranar 28 ga Nuwamba 2011, da ƙarfin ganga 20,000 a yini na man Agadem. Lita ta sauko daga faran 679 zuwa 579 a farkon 2012, ta koma 540 a 2013, sa'an nan 499 a Yulin 2024, dala ɗari ba tamma guda ke nan. A gefen Najeriya kuma, ranar 29 ga Mayu 2023 shugaba Bola Tinubu ya janye tallafi, kuɗin mai can ya ninka kusan sau uku cikin ƴan kwanaki. Tebura da dama a kudu sunka bushe, jama'a ta koma gidajen mai gaba ɗaya, abin da matata ke fitarwa ya kasa, har a Maris 2025 anka ga dogayen layuka a manyan garuruwa. Sana'ar da ke rataye ga dokar wata ƙasa, rana guda ake kashe ta da jawabi guda.

7. Yadda abin yake a wasu ƙasashe

Masu ci-rani a Turai suna ba mu labarin gidan mai da babu kowa ciki, ka sa kati ka zuba da hannunka. Wannan ya faro a Los Angeles ta Amurka a 1947, ya bazu bayan tsadar 1973, don a rage biyan ma'aikata. A Faransa gidajen mai sun fi 40,000 a 1980, yau ba su wuce wajen 11,000 ba, manyan kantuna sun cinye ƙanana. Tsofaffinsu ma suna kewar mai hula da tsumma a aljihu, kamar namu.

Wasu kuwa sun ƙi. Jihar New Jersey ta hana mutum zuba ma kanshi tun 1949. Brazil ta yi doka a 2000 ta hana pompon zuba-da-kanka, don kare aikin dubban mutane. Ke nan abin zaɓi ne, ba ƙaddara ba. Bambancinmu da su shi ne, can injin ya kori mutum, nan mutum na tsaye amma an raba shi da ilimin aikin.

8. Abin da ke hannunmu

Gyaran RTA da kuɗin uraniyom ba su hannun ƙungiyar ƙauye. A Yunin 2025 gwamnati ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa, kowa na jiran ya ga abin da wannan zai haifar ma Arlit. Amma akwai abin da ba ya bukatar izinin kowa.

Na farko, a garinmu da unguwanninmu na Agadas da Arlit akwai tsofaffin direbobi da makanikai da masu zuba mai da sunka yi ritaya, suna zaune da ilimi cikin kai. Kowane ɗaya ya ɗauki yaro guda ko biyu daga masu tebur, ko da yini biyu a mako, ya koya masu juyen mai da buji da birki da liƙin taya. Mai tebur da ya iya duba babur ya fi maƙwabcinshi ciniki tun yau, kuma ranar da kwalba ta bushe yana da abin yi.

Na biyu, iyaye da masu gidajen haya su tsaya tsayin daka: kada bido ya kwana inda mutum ke kwana, kada a zuba mai kusa da wuta ko fitila, a ajiye bokitin rairayi gefen kowane tebur, kada yaro ƙarami ya tsotsi tiyo da baki.

Na uku, wanda ke da tsohon hoto, ko katin aiki, ko takardar bon, ko littafin bashi na wancan zamani, ya kawo ma magatakardan ƙungiya a kwafa a mayar mashi. Dattawan da sunka yi hanyar Tawa kafin kwalta suna raguwa kowace shekara, kuma muna so a fito ta gaba mu kawo labarin zangunan hanyar ɗaya bayan ɗaya, daga bakinsu.

Allah shi jiƙan waɗanda sunka riga mu, na cikin rami da na bisa hanya. Allah shi kiyaye matafiya, shi ba matasanmu sana'a mai albarka, shi bar zumunci. Wasalam.